Kasuwar gwaji a cikin kwantena: kuɗin da ba su sayen ko gishiri

Jama'a ƴan kasuwa, da ku iyayenmu mata masu adashe, kun san yadda abin yake. Uwar adashe ke riƙe da littafi, wadda ta zuba a rubuta, wadda ta kwasa a rubuta. Ranar da aka goge layi guda, rigima ta tashi. To, abin da ake kira bulokcen littafi ne irin wannan, sai dai kowace kwamfuta da ke cikin ƙungiyar tana riƙe da nata kwafi, kuma an ɗaure kowane shafi da na bayansa ta hanyar lissafi. Wanda ya taɓa tsohon shafi, sauran za su tona shi. A kansa kuɗin Bitcoin suka fara aiki a 2009.

Amma abin da ya shiga littafin nan da wuya ya fita, ko da kuskure ne. A 2016 wani ya samu ɓaraka a cikin wani asusun haɗin gwiwa mai suna The DAO a kan bulokcen na Ethereum, ya janye kuɗin ether wajen miliyan 3 da dubu 600. Shi ya sa masu rubuta manhaja ba su fara gwaji da dukiyar mutane. Kasuwar wasa suke kafawa a cikin kwamfutarsu, su yi ta ciniki su da kansu har su gano inda ke yoyo.

Nan kwantena ta shigo. Kun san kwantenar kaya ta tashar Kwatano ko Lome: an rufe ta, ko a jirgi ko a bayan tirela, abin da ke ciki bai gauraya da na wani ba. Manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, haka take yi wa sauran manhajoji. Kowace da kayan aikinta a rufe wuri guda. Sai matashi mai kwamfuta ɗaya tak ya tada kwantena uku ko huɗu, kowace ta zama kamar ɗan kasuwa dabam da littafinsa.

A tsarin Hyperledger Fabric, wanda a kansa Babban Bankin Najeriya ya gina kuɗin eNaira da ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2021, kasuwar gwajin ƙungiyoyi biyu ce, da na uku mai jera ciniki bi da bi kamar magatakarda. Umarni ɗaya ke tada ta, umarni ɗaya ke share ta ƙaf.

Ga inda muke so ku buɗe kunne. Kuɗin cikin kasuwar nan kyauta ake buga su. A Bitcoin na gaskiya shafi guda kan ɗauki wajen minti 10. A na gwajin gida, mutum ya rubuta shafi 101 nan take, sai ga Bitcoin 50 a hannunsa. Manhajar Hardhat kuwa tana tashi da asusu 20, kowane da ether 10,000, kuma makullansu iri ɗaya ne a duk duniya, kowa ya san su. Duk tarin nan ba ya sayen gishirin dala biyar a kasuwar Dole ta Damagaram.

Matsalar ita ce a fuskar salula lambobin sun yi kama da na gaske. Macuci zai iya nuna muku su ya ce ya biya, ya ɗauki buhunan wake ko turamen atamfa ya tafi. In har ciniki ya kai ku nan, ku nemi wanda ya sani kuma kuka yarda da shi, ya duba shigar kuɗin a cikin asusunku, ba a wayar mai saye ba. Ku dubi farkon adireshin kuma. Na Bitcoin na gaskiya yana farawa da 1, ko 3, ko bc1. Wanda ya fara da tb1 na gwaji ne, wanda ya fara da bcrt1 kuwa a cikin kwamfutar mai shi kaɗai yake aiki.