Sikotilan: A Zauna Ko A Rabu?

A shekarar 1707 Sikotilan ta haɗe da Ingila ƙarƙashin majalisa ɗaya, amma maganar rabuwa ta ƙi mutuwa. Ranar 18 ga Satumba 2014 aka tambayi mutanen ƙasar. Kashi 55 cikin ɗari suka ce a ci gaba da zama a Birtaniya, kashi 45 suka ce a raba gari. Har 'yan shekara 16 sun jefa ƙuri'a, kuma birnin Gilasgo ya goyi bayan rabuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Lokacin kamfe an yi ta tsoratar da mutanen Sikotilan cewa in suka ɓalle za su rasa gurbinsu a Tarayyar Turai. Sai ga shi a ƙuri'ar 2016 kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, kashi 62 na masu zaɓe a Sikotilan sun ce a zauna a Tarayyar, amma ƙuri'un Ingila da Wales suka ja su waje. Wanda ya ji haushin wannan, ni ban ga laifinsa ba.

Masu son zama ma suna da hujja mai nauyi. Sabuwar ƙasar fam za ta riƙa kashewa ko wani kuɗi? Man fetur ɗin Tekun Arewa, wanda ya raya birnin Abadin, raguwa yake yi. Jam'iyyar SNP mai son rabuwa tana son a kwashe jiragen ruwan nukiliya masu nitso daga sansanin Faslane, alhali dubban mutane a can suke samun abinci.

A Nuwamba 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa majalisar Sikotilan da ke Edimbara ba ta da ikon shirya sabuwar ƙuri'a sai Landan ta amince, kuma Landan ba ta amince ba.