Auna Shan Haske da Amfaninsa Wajen Gwajin Ruwan Sha a Tamale

Ruwan famfon da ake sha a Tamale ana ɗebo shi ne daga kogin Farin Bolta a Nawuni, a tace shi a Dalun. Kogin ya taso daga Burkina Faso, kuma akwai wuraren haƙar zinariya a yankunan da yake ratsawa. Ƙananan masu haƙa sukan yi amfani da zaiba wajen ware zinariya daga ƙasa. Zaiba da dalma guba ne, kuma ɗan abin da zai cutar da mutum ba ya sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa. Saboda haka ake gwada ruwa ta hanyar auna shan haske.

Tushen wannan hanya shi ne, kowane sinadari yana da irin hasken da yake sha. Misali, tufar da aka rina da baba tana fitowa shuɗiya domin ta shanye wasu launukan hasken. A 1814 Bajamushe Joseph Fraunhofer ya ga baƙaƙen layuka cikin hasken rana. A 1859 Gustav Kirchhoff ya bayyana cewa sinadaran da ke sararin rana ne suke shanye hasken a waɗannan gurabe. A 1955 Alan Walsh, a Ostireliya, ya mayar da wannan ilmi hanyar auna ƙarafa.

Ga yadda ake yi. Ana sanya ruwan cikin harshen wuta ko ƙaramin tanderu, ƙarfen da ke ciki ya rarrabu zuwa ƙwayoyin zarra. Sai a haska fitilar da ke fitar da irin hasken da ƙarfen yake sha, na'ura ta auna abin da ya ragu. Dalma tana shan haske mai tsawon zango nanomita 283.3. Zaiba kuwa tururinta ake haskawa, a nanomita 253.7. Gwargwadon yawan ƙarfen, gwargwadon raguwar hasken, kamar yadda shayi mai kauri yake tare haske fiye da tsinkakke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha. A Zamfara, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Ban da ruwa, da wannan hanya ake auna dalma a jinin yara, da ƙarafan da ke cikin ƙasar noma da abinci.