Ko Kun Sani?

Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan malamai idan watan Maulidi ya kama, a Jega ko Aliero ko Maiyama, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Andalus da ya rasu a 1230. Kafin zuwan injin ɗab'i, da hannu ake kwafe ta, ita da Dala'ilul Hairati. Marubuci ya fiƙe alƙalamin kara, ya tsoma a baƙar tawada, wasali kuma ya sa da ja. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a adana su a gafaka. In ka ɗaga tsohuwar warƙa saitin rana, sau da yawa za ka hango jinjirin wata uku a jikinta, shaidar takardar Italiya ce da ta keto Sahara.

Yahudawa ma suna da irin wannan, littafin addu'o'in bukukuwansu da suke kira Mahzor, ciki har da na sabuwar shekara, Rosh Hashana. Da Ibraniyanci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu kamar rubutun Ishiriniya. Wani da aka kwafa a kan fata a 1272 ya shafe ƙarnoni a birnin Worms na Jamus, yanzu yana birnin Ƙudus.