Girma Bai Raba Su Da Wasan Bidiyo Ba

Yaron da yake ɗan shekara 10 a 1980, lokacin da kamfanin Namco na Japan ya fito da wasan Pac-Man, yau ya haura shekara 50, yana da iyali da aikin ofis, wataƙila har da jikoki. Da yawa daga cikin tsararsa ba su jingine wasan bidiyo ba, sai dai abin da suke nema a cikinsa ne ya sauya.

Abin da shekaru ke fara taɓawa shi ne zafin nama. A 2014 waɗansu masana na Jami'ar Simon Fraser da ke Kanada suka bi diddigin 'yan wasa 3,305, masu shekara 16 zuwa 44, a wasan yaƙin nan mai suna StarCraft II. Suka gano cewa hanzarin da mutum ke yi tsakanin ganin abu a allo da mayar da martani yana fara raguwa tun daga shekara 24. Shekara 24 fa, lokacin da ɗalibinmu bai daɗe da fita daga jami'a ba! Amma binciken ya nuna cewa manya sukan cike giɓin da dabara, watau sun fi yara amfani da gajerun hanyoyin danna maɓallai, don su rage wa hannu aiki.

A ganina, ƙarancin lokaci ya fi nauyin yatsu tasiri. Magidancin da bai samu kansa ba sai bayan isha, ga aiki da sassafe, ba zai yarda ya ɓata sa'arsa guda yana shan kashi a hannun wani yaro da bai taɓa gani ba. Ya fi son wasan da zai dakatar idan an yi sallama, ya ci gaba gobe, ko kuwa wanda ke da labari mai ratsa zuciya.

Kamfanoni kuwa sun lura, domin masu ƙirƙirar wasannin su ma sun manyanta. Kratos, jarumin God of War, wanda a 2005 ba shi da aiki sai ramuwar gayya, a fitowar 2018 uba ne mai fama da tarbiyyar ɗansa. Shi kuma Nintendo tsofaffi ya tunkara kai tsaye: a 2005 ya fito da Brain Age mai lissafi da wasa ƙwaƙwalwa, a 2006 kuma na'urar Wii, wadda ta shiga har gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Ingila, domin lilo da hannu kawai take bukata.

Akwai dai waɗanda suka ƙi sauka daga fagen fama. A 2017 aka kafa ƙungiyar Silver Snipers a Suwidin, dukkansu sun haura shekara 60, suka shiga gasar harbe-harbe ta Counter-Strike. A 2020 kuma kundin Guinness ya amince da Hamako Mori ta Japan, mai shekara 90 a lokacin, a matsayin wadda ta fi kowa tsufa cikin masu nuna wasanninsu a YouTube.