Lissafin Canki-Canka a Jarrabawa



Ɗalibin da ya taso daga Boɗinga ko Shagari zuwa Sakkwato domin jarrabawa ba zai rasa cin karo da tambayar da ta gagare shi ba. Shin ya canka, ko kuwa ya tsallake? Lissafi ne zai raba gardama.

Mu ɗauki tsarin jarrabawar SAT ta Amurka kafin 2016: kowace tambaya amsoshi 5 gare ta, dacewa maki 1, kuskure kuwa a zabge rubu'in maki. Wanda ya canki tambayoyi 20 ido rufe, bisa matsakaicin lissafi zai dace da 4, ya kuskure 16, a zabge masa maki 4. Ke nan ba riba, ba hasara. Amma idan iliminsa ya kai ya watsar da amsoshi 3 a kowace tambaya, zai dace da 10, a zabge 2½, ya tsira da 7½. Ashe guntun sani ma yana da kasuwa.

Ita kuwa hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ba ta zabge maki saboda kuskure, don haka tsallake tambaya a jarrabawarta hasara ce tsantsa. Wajibi ne ɗalibi, da ma'aikaci mai jarrabawar ƙarin girma, su karanta ƙa'idar bayar da maki tun kafin su taɓa tambayar farko.