An ɗaga mota, an manta da birkin baya

Duk wanda ke zagaya garejojin Agadas, Tawa ko Damagaram ya san aikin da masu kat-kat suka fi kawowa: a ƙara lam, a sa dogayen amortisa, a ɗaga mota. Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, Hilux da Land Cruiser masu ratsa rairayi da lodi har sama suka ƙaru, ɗaga mota kuma ya zama ruwan dare. Ba mu ga laifin wannan ba, hanyoyinmu ne suka sa. Abin da ya dame mu shi ne wani ɗan ƙarfe da ake mantawa da shi a ƙarƙashin motar.

Littafin Toyota na kiransa LSPV. Mu ce masa sikelin birki. Yana ɗaure a jikin shasi daga baya, tiyon man birki na ratsawa ta cikinsa, wata siririyar sanda kuma ta haɗa shi da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. In aka yi lodi, mota ta zauna, sandar ta tura sikelin, sai ya sakar wa birkin baya ƙarfi. In mota ba kaya, sai ya rage, domin kada tayoyin baya su ƙame ta juya da direba.

To, ran da aka ɗaga mota da santimita 5, shasi ya yi nisa da tayoyi, sai sikelin ya ɗauka motar ta fi marar kaya ma sauƙi. Ko buhun albasa nawa aka ɗora mata a Galmi, ba zai ba baya rabonsa ba. Yawancin aiki ya koma kan birkin gaba: takalmansa su cinye da wuri, ya yi zafi, mota ta ƙi tsayawa inda aka so. A shimfiɗaɗɗiyar hanya direba kan yi watanni bai lura ba. Amma a gangaren Adar, wajen Keita ko Buza, da fasinjoji a kan kaya, nan ake gane bambanci.

Gyaran ba ya da tsada. Ana ɗaga mazaunin sandar a gefen tayoyi daidai da abin da aka ɗaga motar: santimita 5 aka ƙara, a sa ƙarfe mai kauri na santimita 5, a ɗaure da noti. Shi ya sa ya kamata a auna tsayin mota kafin a kwance komai. Sai dai ƙarin lam na sa mota tauri, ba ta zama ƙarƙashin kaya kamar da, don haka awo kaɗai bai isa ba. Sai an gwada ta a hanyar burji marar jama'a, ba kaya sannan da kaya. Tayoyin gaba ne ya kamata su fara ƙamewa. In na baya suka riga, an zarce, a rage.

Wasu makanikai kan ɗaure sandar sama da waya, ko su cire sikelin ɗungurungum, wai birki ya fi kamawa. Da lodi haka ne. Ran da motar ta sauke kaya ta kamo hanyar gida fayau, taka birki ɗaya a kan tsakuwa ya isa ya juyo da bayanta gaba.

Tun da mota na kan rami, a duba tiyon birki da wayar birkin hannu, domin ɗagawar na miƙe su. In an buɗe hanyar mai, a tuna sikelin na da nasa bakin fitar da iska. Sababbin motoci masu ABS da yawa ba su da shi, na'ura ce ke rabon ƙarfi, saboda haka a leƙa ƙarƙashi tukuna.