Yadda Hausawan Diobu Suka Yi Azumin Kulle A Fatakwal

Duk wanda ya san unguwar Diobu a birnin Fatakwal ya san ba wurin zaman shiru ba ne. Tun da asuba hanyar Ikwerre, wadda ta ratsa Mil 1 da Mil 2 da Mil 3, takan cika maƙil da motoci da 'yan dako. A cikin wannan cunkoso ne Hausawa da yawa ke neman abinci: masu shayi, da masu tsire, da masu gyaran takalma, da masu tura ruwa a kura, da masu sayar da albasa da tumatir. Galibinsu abin da suka samu yau shi za su ci yau, a rage ɗan abin da za a aika gida.

To, a shekarar 2020 sai ga annobar korona. Ran 27 ga watan Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, wato wani Bature ɗan ƙasar Italiya a Legas. Ran 26 ga watan Maris Gwamnan Jihar Ribas na lokacin, Mista Nyesom Wike, ya rufe iyakokin jihar, bayan kwana biyu kuma aka rufe kasuwanni, har da manyan kasuwannin Mil 1 da Mil 3 waɗanda mutanen Mil 2 ke ci a jikinsu.

Ana cikin wannan hali azumi ya kama ran 24 ga watan Afrilu. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, ta nemi a dakatar da taron tafsiri da sallar asham a masallatai. Ga wanda ke da iyali wannan ba wani abu ba ne mai tsanani, amma ga ɗan ci-rani masallaci ya fi wurin salla. Nan yake samun kunu da ƙosai na buɗa baki, nan yake jin labarin gida, nan kuma baƙo yake fara sauka.

Abin ya kai matuƙa ran 7 ga watan Mayu, sa'ad da aka hana fita dare da rana a ƙananan hukumomin Fatakwal da Obio/Akpor. Gwamnati kuwa ba da wasa take ba. An kama mutane an kai su kotun tafi-da-gidanka, an kama motoci, ran 10 ga wata ma aka rushe otel biyu a yankin Eleme bisa zargin karya doka.

An ce kowa ya zauna gida, kada a kusanci juna. Amma gidan haya a Diobu ɗakuna ne jere suna kallon juna, makewayi ɗaya, madafa ɗaya, ɗaki guda kuma yakan ɗauki samari da dama. Mai gadi ko mai shayi wanda makwancinsa shi ne bakin shago, ina gidan da zai shiga? An ce a riƙa wanke hannu, alhali mai kawo ruwan shi ma an hana shi fita.

Komawa gida kuma ba hali, domin an hana tafiya daga wata jiha zuwa wata, ba a buɗe hanya ba sai ran 1 ga watan Yuli. Ga shi a watan Afrilu labarin yawan mace-macen dattawa a Kano ya yi ta zuwa ta waya, mutum ya ji an yi masa rasuwa ba damar zuwa gaisuwa. Gaba kura, baya siyaki.

Abin da ya riƙe jama'a shi ne tsohuwar al'adar zango, wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Mai shago ya ba da shinkafa bashi, mai sauran garin rogo ya raba da maƙwabci, 'yan ɗaki ɗaya suka haɗa tukunya ɗaya. Ranakun da aka sassauta dokar don a sayi abinci, sai kasuwa ta cika fiye da da, wanda bai yi aiki ba kuwa sai kallo.

Salla ta kama ran 24 ga watan Mayu, ba hawan idi irin na kullum, ba ɗinki. A ƙarshen watan aka janye kullen, ya rage hana yawon dare.

Ba wanda ke musun cewa gwamnati rayukan jama'a take son tsarewa, cutar kuwa ta kashe mutane. Sai dai in an hana mai tura kura fita, wajibi ne a fara tanadin abin da zai ci, a kuma bi ta hannun sarakunan Hausawa da limamai waɗanda suka san kowa da makwancinsa. Allah ya kiyaye mu da maimaicin irin wannan.